Yadda ake gyara lambun gida da katako a bazara

Daga Maris zuwa tsakiyar Mayu ne lokacin aikin katako a lambun gida, a Katsina kake ko a Daura. Itace a bushe yake, yana shan magani sosai, ramin da ka haƙa ba ya tara ruwa, ga zafi yana haura digiri 40 har shuka da mai shukar duk suna neman inuwa. Sai dai wa'adin gajere ne. Hadarin farko yakan taso daga gabas a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma iska yake turowa kafin ruwa. Ita ce ke jarraba duk abin da aka kafa. Idan ka duba rumfunan da suka faɗi, kusan kullum a wuri biyu za ka ga ɓarnar: gindin da gara ta ci, ko mahaɗar da iska ta ɓalle. Don haka a waɗannan wurare biyu za a fi kashe lokaci da kuɗi.

Sayen katako

A 'yan katako da inci ake kiran kaya, kauri sannan faɗi (tu-bai-fo inci 2 da inci 4 ke nan): tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo, tiri-bai-fo, tu-bai-sikis, sai falle mai faɗi wan-bai-tuwel. Tsawon da ake cewa ƙafa 12 ne, amma sau da yawa ba ya cika, kaurin ma haka. Ka tafi da tef ɗinka, ka auna kafin a loda, domin lissafin aikin duka a kan tsawon nan ya dogara.

Akasarin katakon daga dazukan kudu ake kawo shi. Farin katako, irin su obece, ba nauyi, yana da daɗin yanka, yana da sauƙin kuɗi, amma gara na cinye shi da wuri. Aikinsa a sama ne, inda ba ya taɓa ƙasa. Duk abin da zai shiga rami ko ya ɗauki nauyi, jan katako yake so, irin su loko da maɗaci. A cikin itacen gida kuwa, azarar giginya ta fi kowa jure gara, shi ya sa take daɗewa a rufin tsofaffin soraye. Ƙirya ma tana jurewa, sai dai samun miƙaƙƙiya da wuya. Sandar turare da reshen bedi suna yin dirka idan an ɓare ɓawon an bar su sun bushe, amma kada a ɗauka ɗacin bedi ya isa magani, fararen sassan waje gara na ci.

Kowane katako ka ɗaga shi ka saiti ido daga baki zuwa baki. Wanda ya lanƙwashe kaɗan ana iya moransa, wanda ya murɗe kuwa ba shi da gyara, ka bar musu. Ka guji mai babban ƙulli a tsakiya, da mai ƙananan huji yana zubar da gari, wannan ƙwaro na ciki. Ɗanyen katako ana gane shi da nauyi da sanyi a tafin hannu. In ba ka sami busasshe ba, ka jera shi a inuwa a kan bulo, da 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, ka danne samansa da abu mai nauyi, ka ba shi mako 2. Idan ka shanya shi a rana tsaka, fuska ɗaya ce ke rigan ɗaya bushewa, sai ya tsage ya karkace.

Magani kafin kusa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama haɗa aiki sannan a bi shi da buroshi. Mahaɗa da bakin yanka, inda gara da ruwa ke shiga, sun riga sun rufe. A fara yankawa, a shafa magani, sannan a haɗa.

Solignum ne maganin da kafintoci suka fi sani. Ana shafa shi sau 2, a bar kwana guda tsakani. Bakin katako ya fi gefe shan ruwa nesa ba kusa ba, saboda haka gindin dirka a tsaya da shi cikin bokitin magani ya kwana. Da safe a shafe ƙafa 3 na ƙasa da kwalta. Wanda kuɗinsa bai kai ba yakan yi amfani da baƙin mai na mota, wasu su sirka da dizal don ya shige. Yana taimakawa a gindin dirka, amma ba a shafa shi a inda za a zauna, ba a kuma shafa shi a cikin akwatin da za a shuka ganyen miya. Tsohuwar dabarar babbaka gindin itace a wuta har ya yi baƙi tana rage ruɓewa, kuma ba ta hana a ƙara kwalta a kai. Aikin magani a fili ake yinsa, da safar hannu, nesa da yara da randar ruwa.

Rumfa

Ga lissafin rumfa mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 8, wadda za ta ɗauki tabarma biyu da benci: tiri-bai-fo na jan katako 4 don dirkoki, tu-bai-fo 2 don bim ɗin gaba da na baya (katakon da ke haɗa kawunan dirkoki), tu-bai-tiri 8 don rafta (waɗanda ake jerawa a kan bim su ɗauki rufi) da tokara, tu-bai-tu 6 don tanka, bol da noti 8 masu tsawon inci 6 tare da washa, kusa inci 4 kilo guda, inci 3 kilo guda, langalanga, siminti buhu 1, da magani kusan galan 2 na lita 4. In ka sami tu-bai-sikis a madadin tu-bai-fo, ɗauka, ya fi ƙin lotsawa.

Fara da zaɓen wuri. A watannin nan rana tsakar ka take bi, don haka da hantsi zuwa azahar rufi ya wadatar. Wadda ke gasa mutum ita ce ta la'asar da ke shigowa ta yamma, maganinta asabari mai naɗewa a wannan gefen. Gefen gabas kuwa a bar shi a buɗe, ko katangar gida ta kare shi. Wanda ya ɗaure zana a gabas tun daga sama har ƙasa ya ba iskar hadari abin turawa.

A kafa turaku huɗu, a ja igiya. Don kusurwa ta daidaita, auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya, ƙafa 4 a kan ɗayar, tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 cif. Sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. A wannan rumfa kowanne zai ba da ƙafa 12 da kusan inci 10. In suka bambanta, a gyara turaku tun yanzu, don bayan siminti ba gyara.

Ramin kowace dirka faɗin ƙafa guda, zurfin ƙafa 2 da rabi. Ƙasar jigawa da ta yi yawa a wajen Daura da arewacin Katsina ba ta riƙe itace, shi ya sa ƙafa ɗaya da rabi da wasu ke yi ba ya isa. In ƙasar ta yi tauri dagi ya ƙi shiga, zuba ruwa da yamma ka haƙa da safe. In yashi ne mai zubewa, shi ma jiƙa shi ke sa bakin ramin ya tsaya. A zuba tsakuwa inci 3 a ƙasan rami, a daddaɓe, don gindin dirka kada ya zauna cikin ruwa.

Kada ka yanke kan dirkokin tukuna. Ka tsayar da kowacce, ka duba ta da lebul ta fuska biyu, ka tokare ta da sanduna na wucin gadi. Kwaɓin kankare: buhu 1 na siminti, kwanon magina 6 na yashi, 12 na tsakuwa, ya isa ramuka huɗun. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya yi ruwa-ruwa. A zuba ana soka sanda don iska ta fita, a taso da shi sama da ƙasa kamar inci 2, a gangarar da samansa waje yadda ruwan sama ba zai kwanta a jikin itace ba. Cikin zafin bazara kankare na saurin bushewa kafin ya yi ƙarfi, saboda haka a rufe shi da tsohon buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda. Kwana 3 na farko kada a taɓa dirkokin.

Akwai hanyar da ta fi wannan ɗorewa in da hali. Mai walda ya yanka maka ƙarfen angil biyu ga kowace dirka, a dasa su cikin kankaren su fito ƙafa guda, a ɗaura dirkar tsakaninsu da bol, gindinta sama da ƙasa da inci 2. Gara ba ta isa itacen sai ta gina hanyar laka a kan ƙarfe, inda ido zai gan ta. Ranar da dirka ta lalace kuma, kwancewa kawai za a yi, ba fasa kankare.

Yanzu a daidaita kai. Sami siririn tiyo mai haske, cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunan a jikin dirkoki. Inda ruwan ya tsaya a nan da can tsayi ɗaya ne, ko da ƙasar ba ta baje ba. Da wannan alamar ake daidaita awo: dirkokin gaba ƙafa 8 daga ƙasa, na baya ƙafa 7 da rabi, don rufi ya sami gangara. A kan kowace dirka a yanke mazauni da zarto, zurfin inci ɗaya da rabi, tsayinsa daidai faɗin bim. Bim ya zauna a wannan mazaunin a kan gefensa, wato a tsaye, domin katakon da aka kwantar a kan faɗinsa lotsawa yake kafin shekara. A huda, a sa bol biyu a kowace mahaɗa, da washa ciki da waje. Amfanin mazaunin shi ne itace ke ɗaukar nauyi, bol riƙewa kawai yake. Waɗanda ke manna bim a gefen dirka da kusa uku su ne ke tarar da shi ya zame bayan damina ɗaya.

Rafta 7, kowanne a yanka shi ƙafa 10, a jera su a kan bim da tazarar ƙafa 2, su ma a tsaye, suna leƙowa ƙafa guda gaba da baya. A buga kusa inci 4 a karkace ta kowane gefe. Kusa ita kaɗai ba ta riƙe rufi, saboda iska ta ƙasa take shiga ta ɗaga shi sama, a daidai hanyar da kusa ke zarewa. Don haka kowane rafta a zagaye shi da langalanga, a sauko da ita jikin bim a buge. A sasannin rumfar huɗu a ja ta har jikin dirka. Sannan tanka 6 a gicciye a kan rafta, tazarar ƙafa 2, da kusa inci 3.

Guntayen ƙafa 2 da suka rage daga rafta kada a kai su murhu, su ne tokara. A yanke bakunansu a karkace, a buga biyu a kowace dirka, ɗaya zuwa bim, ɗaya zuwa rafta na kusa. Na takwas ɗin da cikon abin da ya gaza su fito daga tu-bai-tiri ɗin da ya rage. Rumfa marar tokara in ka girgiza ta da hannu za ka ji tana rawa, kuma rawar nan ce ke sassauta kusoshi a hankali. Busasshen jan katako kuma yana tsagewa idan kusa ta zo kusa da baki. A dakushe tsinin kusar da guduma, ko a fara huda da abin da bai kai kaurinta ba, kuma a bar aƙalla inci guda daga baki. Goga mata sabulu na sa ta shige ba lanƙwasa.

Batun rufi, zana ta fi sanyi, tana barin iska ta wuce, sai dai ba ta tare ruwa kuma tana son sauyi bayan damina ɗaya ko biyu. A ɗaure ta da waya a kowace tanka, a ƙara danne ta da sanduna ta sama. Kwano yana tare ruwa amma da rana yana sauko da zafi, sai an yi masa shimfiɗar zana ko asabari ta ƙasa, kuma yana ninka aikin langalanga tunda iska ba ta ratsa shi. In rumfar ta shuka ce, ragar inuwa mai tare rabin haske ta fi duka biyun.

Akwatin shuka, da inda bai dace ba

Masu lambu a bakin madatsun Ajiwa da Jibiya fangali suke yi, mai ɗan zurfi a ƙasa, don ruwa ya kwanta ya daɗe. Suna da gaskiya. Akwatin katako da ke sama da ƙasa ya fi saurin bushewa a bazara, ya fi cin ruwa. Inda yake da amfani shi ne tsakar gidan da aka yi wa daɓen siminti, ko filin da ya cika da ɓaraguzan gini, ko inda ruwa ke kwanciya da damina. In ƙasarka mai kyau ce, yi fangali, ka kai kuɗin katakon wajen shinge.

Falle biyu na wan-bai-tuwel sun isa akwati guda: kowanne a raba shi ƙafa 8 da ƙafa 4. Faɗin kada ya wuce ƙafa 4, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba. A kowace kusurwa a sa guntun tu-bai-tiri ta ciki, a buga fallayen a jikinsa da kusa inci 3, uku-uku. Kada a buga falle cikin bakin falle, kusar ba ta kamawa. A tsakiyar dogayen gefuna a kafa turke ta waje, ko a haɗa su da waya ta ciki, in ba haka ba nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa zai turo cikin katakon waje. Magani ta waje kawai. Ta ciki a lulluɓe bangon da baƙar leda mai kauri, a bar ƙasan a buɗe. A kan daɓe kuma a fara da tsakuwa inci 2, a bar 'yar kafa a gefen da ya fi gangara don ruwa ya fita.

Cikon zai ci kimanin baro 14: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ba sai an ƙara yashi ba, ƙasarmu na da shi. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake, ga shi yana jawo gara. A cika zuwa inci guda ƙasa da baki, a shayar kwana 3 ƙasa ta zauna, a ƙara ciko, sannan a shuka. Alayyafo, rama, lalo da kuɓewa suna jure zafin Afirilu. Tumatir da latas kuwa a jira da su, don tumatir furensa zubewa yake idan zafi ya tsananta. Akwati mai wannan girman na shan kusan jarka guda ta lita 25 a rana, rabi da sassafe rabi da yamma. Ɓawon gyada ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasa na rage shan ruwan, amma a janye su inci 2 daga jikin katako.

Ga masu yaɗo, irin su kokwamba, wake da soso, tu-bai-tiri biyu masu ƙafa 8 sun isa. A binne ƙafa 2, tazarar ƙafa 6, a haɗa kawunansu da tu-bai-tu, a saukar da igiyoyi kowace ƙafa guda zuwa wata sanda a ƙasa. In aka kafa shi a yammacin akwatin, ganyen da ya hau ya zama inuwar la'asar ga na ƙasa.

Shinge, benci da mazaunin duro

Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Shinge ya kai ƙafa 4, dirkoki kowace ƙafa 6, tanka biyu, ɗaya kusa da ƙasa ɗaya kusa da kai, a ja wayar raga a kai. A binne bakin ragar inci 4 saboda kaji masu tono. Inda shinge ke fara lalacewa ƙyaure ne. Dirkar da za ta ɗauke shi ta zama tiri-bai-fo da kankare, faɗin ƙyauren kada ya wuce ƙafa 3 sai in baro zai riƙa shiga, a ƙara rabin ƙafa. Tokarar cikinsa daga kusurwar ƙasa ta gefen hinji take tashi, ta hau zuwa kusurwar sama ta gefen sakata. In aka juya ta, nauyin ƙyauren janye kusoshin yake, bakinsa ya sauka yana jan ƙasa, sakata ta daina shiga.

Benci ba shi da wuya. Tu-bai-sikis guda a fitar da biyu masu ƙafa 5, a jera su da tazarar rabin inci don ruwa ya zube, tsayin zama inci 17, ƙafafu na tu-bai-fo da sanda ɗaya mai haɗa su ta ƙasa. A goge da sandfefa, a nutsar da kan kusoshi don kada su yagi riga. Banish ba ya jure ranarmu, ɓarewa yake. Fentin mai, mai haske, shafi biyu, ya fi shi, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar baƙi. Ƙafafun su zauna a kan bulo ko fale-falen dutse.

Mazaunin duro kuwa a yi masa lissafi da gaske. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, duro mai lita 200 ya haura kilo 200 idan an haɗa da nauyinsa. Ƙafafu huɗu na tiri-bai-fo, tsayi ƙafa 2 don bokiti ya shiga ƙarƙashin famfo, tokara a gicciye ta gefe uku, bol a mahaɗai, ƙafafun a kan bulo saboda nan ne wurin da ya fi jiƙa a lambun duka. Tanki mai lita 500 zuwa sama ba na katako ba ne, a gina masa bulo ko a yi na ƙarfe.

Bayan ruwan farko

Katako na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, don haka noti kan saki. A bi su da sifana bayan ruwa biyu ko uku, a sake bi a watan Janairu. Kowane mako a duba gindin dirkoki. In ka ga siririyar hanyar laka tana hawa, kankare ta, ka bi ta zuwa inda ta fito, ka zuba magani a wurin. Ƙwanƙwasa itacen da bayan guduma: mai lafiya ƙararsa a cike take, wanda aka ci cikinsa kuwa ƙarar fanko yake yi ko da fuskarsa lafiya lau. Inda tsaga ta buɗe tsakanin kankare da dirka a cike ta da kwalta, domin ta nan ruwa ke gangarawa gindi. Kada a jingina itacen girki ko karan dawa a jikin rumfa ko shinge. Asabarin yamma kuma a naɗe shi a ɗaure da zarar an ga gabas ta yi baƙi.